Tsohuwar Shanghai da Na Haɗu da Ita a Riyad

Tun da na dawo, babu ranar da zan shiga Islamiyya ko gidan biki wata ba ta riƙo gefen mayafina ta ce, "Hajiya Zulai, ba mu labarin Riyad." Na ba wa wannan rabi, na ba wa waccan rabi, har labarin ya fara sauya kama a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wai na je Saudiyya na yi fim da 'yan Caina. To, gara in zauna in faɗe shi tun daga tushe yadda ya faru, kowa ya huta.

Ga wanda bai san ni ba, a ƙuruciyata na yi shekara tara ina wasan kwaikwayo a gidan talabijin a Kaduna. Asabe Mai Waina nake fitowa, mace mai faɗa da kowa a bakin tasha. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya yarje mini, amma danginsa ba su taɓa so ba, kuma da yara suka fara girma sai na bari. Wadda na je wurinta a Riyad 'yata ce ta uku, Rukayya, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a can. Mijinta Kabiru injiniya ne a wani kamfanin gine-gine na 'yan Caina. Shekara shida da aure sannan Allah ya ba su rabo, shi ne suka nema mini bizar ziyara in je in yi mata wankan jego.

Daga Kano muka tashi, muka sauka Alƙahira muka canza jirgi. Wanda ya zauna kusa da ni wani Malam Sale ne mutumin Gusau, direba ne a gidan wani Balarabe, yana komawa daga hutu. Da ya ji ban taɓa zuwa Riyad ba sai aikin Hajji kawai, ya ce, "Hajiya, can ba Makka ba ce, ba za ki ji Hausa a kowace kwana ba. Kalma biyu za ki riƙe. Duk abin da aka ce miki, ki ce mafi mushkila." Ya ce ma'anarta babu damuwa. Na yi ta maimaita ta a zuciya har muka sauka.

Damuwar kuwa tana jirana a wurin duba fasfo. Kwana biyu kafin tafiya na sha lalle, yatsuna baƙi ƙirin. Na ɗora hannu a kan gilashin na'urar ɗaukar yatsa, ta ƙi. Jami'in ya ba ni wani ruwa na goga, na sake ɗorawa, ta ƙi. Layi ya taru a bayana. Ya yi wata doguwar magana da Larabci yana nuna hannuna, ni kuwa na ce masa mafi mushkila. Sai ya kwashe da dariya, ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa. Daga baya Malam Sale ya gaya mini wai cewa jami'in ya yi idan ta sake ƙi sai na zauna a ɗakin jira har shugabansu ya zo. A karo na biyar ta karɓi ɗan yatsan hagu. A wurin kaya kuma aka buɗe jakata, aka warware ƙullin daddawa, ma'aikacin ya ja da baya yana toshe hanci. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da kanwa da busasshen ganyen darbejiya, duk sai da ya shinshina. Malam Sale ne ya tsaya ya yi masa bayani cewa kayan miya ne da na mai jego. Ban sake ganin bawan Allahn nan ba, amma ina sa shi a addu'a.

Kabiru ya ɗauke ni. Gari ne wanda ba a tafiya a ƙasa. Ko'ina mota, ko'ina an haƙe titi ana aikin jirgin ƙasa na cikin gari, sai ka yi ta zagaye kafin ka isa inda kake hange da ido. Gidansu yana Utaiƙa, tsohuwar unguwa mai kasuwanni, a hawa na biyu na wani bene. Ɗaki biyu da falo, babu tsakar gida, babu inda za ki shimfiɗa tabarma ki ga sama. Maƙwabci ba ya leƙo maƙwabci. Da an kira salla kantuna su rufe. A lokacin mata ba sa tuƙi, don haka ko albasa ce ta ƙare sai an jira namiji ko an kira mota ta waya. Abincinsu ban ƙi shi ba. Kabsa, wato shinkafa da nama ko kaza, tana da daɗi, sai dai babu yaji. Abin da ya fi shiga raina gurasarsu ce ta safe, tamis, mai faɗi kamar faifai, da zafinta ake ci da wake.

Kwana uku da zuwana Rukayya ta haihu, namiji. Na ce to, maigidana ya iso. Daga nan muka fara saɓani da uwarsa. Na jiƙa kanwa zan dama kunu, ta ce, "Umma, kanwar nan ita ke kumbura zuciyar masu jego, na gani da idona a asibiti." Na ce mu da muka sha muka haife ku fa? Duk da haka ba ta sha ba. Ruwan wanka ma babu itace babu tukunyar ƙarfe, sai na'urar dumama ruwa a bango. Na tafasa darbejiya a babbar tukunyar girki, ita kuma ta tsaya a kaina tana sirkawa da ruwan sanyi.

Ƙamshin darbejiyar nan ne ya jawo mana baƙuwa. Wata safiya aka ƙwanƙwasa, na buɗe, sai ga wata 'yar tsohuwa 'yar Caina, gajeriya, da farin ɗankwali, riƙe da kwano a rufe. Ta ce, "Assalamu alaikum." Na tsaya baki buɗe, don ban taɓa sanin akwai Musulmi a cikinsu ba. Rukayya ta ce sunanta Hajiya Asiya, mahaifiyar Malam Yusufu ce, tafintan kamfanin su Kabiru, suna hawa na uku. Matarsa da 'ya'yansa suna can ƙasarsu, uwar ce ta zo Umara ta zauna masa wata uku. Ta haura shekara saba'in da biyar, kuma ban da sallama da addu'o'in salla ba ta jin kowane yare sai nasu. Farfesun kaza ta kawo da citta a ciki. Da ta leƙa banɗaki ta ga tururi, ta ga ganye a bokiti, ta gane wanka za a yi wa mai jego, sai ta riƙe hannuna tana girgiza kai. Ashe su a wurinsu mai jego wata guda take yi a ɗaki a lulluɓe, ba ta wanke ko kai. Ni ina ganin ƙazanta, ita tana ganin kisan kai. Rukayya tana tsakaninmu da jariri tana dariya har da hawaye.

Ranar suna Kabiru ya kama istiraha, irin gidan nan mai fili da ake haya don taro a bayan gari. 'Yan Najeriya suka cika wurin, matan likitoci da malaman jinya da matan 'yan kasuwa. Ina cikin raba waina da na soya da kaina, sai wata mata mai kimanin shekara hamsin ta ƙura mini ido, ta ce, "Don Allah Hajiya, ba ke ce Asabe Mai Waina ba?" Kafin in amsa ta juya ta gaya wa na kusa da ita. Nan da nan aka kewaye ni. Wata ta tuna yadda nake ɗaure ɗankwali, wata ta kwaikwayi muryata. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Shekara talatin ba wanda ya kira ni da sunan nan. Na ɗan yi musu wani ɓangare, aka yi ta dariya. Da na ɗaga kai sai na ga Rukayya ta tashi da jaririnta ta shige ciki.

Da aka watse muka kamo hanya a mota. Sai da muka isa gida, Kabiru ya sauka kwaso kaya, ta ce, "Umma, shekara shida ina garin nan ba wanda ya sani. Tun ina firamare ake kirana 'yar mai waina, ana cewa uwata 'yar dirama ce. Na zo inda ba wanda ya san ni, yau kin dawo mini da shi."

Na ce, "Abin kunya na yi, Rukayya?"

Ta ce, "Ni dai da kin ce musu ba ke ba ce."

Na shiga ɗaki na ninke kayana. Washegari na ce wa Kabiru ya duba mini jirgi, ba sai na cika arba'in ba. Ya durƙusa ya ce in yi haƙuri, in ba shi mako guda. Na ci gaba da yi mata wanka, ina dafa abinci, amma magana daga gaisuwa sai "miƙo shi" da "karɓi."

Kwanon Hajiya Asiya yana wurinmu, kuma ba a mayar da kwano haka nan. Na zuba mata dambun shinkafa na hau sama bayan Azahar. Ta buɗe, ta dubi fuskata, ta jawo ni ciki. Ta haɗa mini shayi a wani ɗan kofi mai murfi, da busassun 'ya'yan itace da dunƙulen sukari a ciki. Ban san ana sha ta gefen murfin ba, na cire shi na kurɓa, ganye ya cika mini baki. Ta nuna mini yadda ake yi. Sannan ta ɗauko kwamfutar hannu mai faɗin faranti, ta jingina ta da tulun shayi, ta zauna kusa da ni ta kunna.

Fim ne baƙi da fari, tsoho ƙwarai, hoton yana rawa yana yayyafi. Babu magana ko ɗaya, sai ɗan kiɗa, can kuma rubutunsu ya fito ya ɓace. Na ɗauka zan gaji. Wata mata ce mai wankau a bakin kogi, mijinta yana tuƙa kwalekwale, ya tafi bai dawo ba. Ba wanda ya fassara mini wannan, da idona na gane. Akwai inda ta zuba shinkafa a kwano biyu kamar yadda ta saba, ta ajiye, ta zauna. Ta dubi ƙofa. Sai ta ɗauki kwano ɗaya ta juye shi a tukunya a hankali, ta share bakin kwanon da yatsa. Ba ta yi kuka ba, fuskarta ma ba a nuna sosai ba, hannunta kawai da kwanon. Ni na yi kukan.

Na san aikin nan, shi ya sa abin ya kama ni. Mu a zamaninmu, idan aka ce mijinki ya mutu, sai ki ɗora hannu a ka ki faɗi ƙasa ki yi birgima, mai ba da umarni yana cewa ƙara murya. Ban taɓa sanin ana iya ajiye kyamara a kan hannun mace a bar ta ta yi shiru ba. Na ce a raina, wanda ya tsara wannan ya san mutane.

Can wajen tsakiyar fim ɗin wata maƙwabciya ta shigo wurin mai wankau ɗin, matashiya mai gajeren gashi, ta ajiye mata ɗan ƙunshin abinci, ta gyara mata wuyan riga, ta fita. Ko minti ɗaya ba ta yi ba. Hajiya Asiya ta tsayar da hoton a kan fuskarta, ta nuna ta, ta dafa ƙirjinta. Na ɗauka cewa take ita ce tana budurwa. Murna ta kama ni, na dafa nawa ƙirjin, na miƙe na ɗauki kofuna biyu na yi mata abin da matar ta yi da kwano, don ta gane ni ma 'yar wasa ce. Ta kalle ni har na gama. Sai ta tashi ta kama kafaɗata ta sauke ta ƙasa, ta rage mini saurin hannu, ta ce in sake. Da hannu ta faɗa, amma na ji.

Daga ranar kullum bayan Azahar ina sama. Fina-finai bakwai ko takwas gare ta, wasu babu farko, wasu babu ƙarshe. Na ga 'yan ƙauye sun shigo birni da ƙunshi a ka, na ga 'yan mata a masaƙa, na ga masu jan keken ɗaukar mutane da ƙafa. Talakawa ne kusan duka, irin waɗanda za ki gani a tashar Kawo. Ta koya mini cin taliyar da take ja da hannu, da tsinke biyu, rabi a bakina rabi a cinyata, har ta haƙura ta ba ni cokali mai yatsu. Ranar wata Asabar Kabiru ya kai mu kasuwar Aziziya, inda ake sayar da kayan lambu a kwali-kwali. Ta ɗaga kowane kabeji tana aunawa a hannu, ni kuma na tsinci lalo a wurin wani Basudane, su suna ce masa mulukiya. Mun ɓace wa Kabiru kusan rabin awa, ya same mu muna taya kankana da yatsu.

Mako ya cika, Kabiru bai ce komai game da jirgi ba, ni ma ban tuna masa ba. Sai ya ce Malam Yusufu ya gayyace mu cin abinci ranar Juma'a bayan an sauko, har da mai jego, tunda hawa ɗaya ne kawai tsakaninmu. Da muka ci muka sha shayi, tsohuwar ta ɗauko kwamfutarta ta yi wa ɗanta magana. Malam Yusufu mutum ne mai sanyin murya, ya yi karatun Larabci tun yana saurayi. Ya ce mahaifiyarsa tana so a fassara mini abin da ta kasa gaya mini. Shi zai juya daga yarensu zuwa Larabci. Larabcin Kabiru na wurin aiki ne, bai wuce kawo da kai ba. Rukayya ce ke wuni da marasa lafiya, ita ta iya. Ta miƙa wa mijinta jaririn, ta gyara zama, ba ta dube ni ba.

Ta bakin mutum uku labarin ya iso gare ni. Hajiya Asiya ta ce a yarensu sunan fim inuwar lantarki. Da farko wasanninsu na dandali ake ɗauka, ana nunawa a gidajen shan shayi, kuma maza ne ke fitowa a matsayin mata, don ba macen da za ta yarda a gan ta. Na ce mu ma haka aka fara, namiji ya ɗaura zani. Ta ce a birnin Shanghai sana'ar ta kafu, kuma mahaifinta mai kula da haske ne a ɗaya daga cikin kamfanonin. Fitilu ba su da yawa, sai ya riƙa tare rana da madubi da farin ƙyalle yana jefa ta a fuskar 'yan wasa. Zaren fim ɗin da ake ɗaukar hoto a kai daga waje ake sayo shi, ba a wasa da shi, don haka darakta zai sa a maimaita fitowa ɗaya wuni guda kafin a kunna kyamara. Hukuma kuma tana da almakashi, duk maganar da ba ta yi mata ba sai ta yanke. Shi ya sa daraktocin suka koyi faɗin abu ba tare da an faɗe shi ba. Wanda ya yi fim ɗin mai wankau, in ji mahaifinta, idan 'yar wasa ta fara hawaye sai ya tsayar da aiki ya ce ta mayar da su ciki, kukan na masu kallo ne.

Malam Yusufu ya ƙara da nasa. Ya ce yaƙi ya ci yawancin fina-finan, wasu gobara, don zaren fim ɗin yana kama wuta da kansa idan ya tsufa. Waɗanda suka tsira ana gyara su, kuma har yau ɗaliban fim a ƙasarsu da su ake fara koya musu inda ake ajiye kyamara.

Sai tsohuwar ta kai hoton kan matashiyar nan mai gajeren gashi ta tsayar. Rukayya ta saurari Malam Yusufu, ta ce, "Umma, wai ba ita ba ce. Mahaifiyarta ce."

Daga nan muryar tsohuwar ta yi ƙasa. Ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa zama tauraruwa ba, maƙwabciya take fitowa ko 'yar aiki. Dangi sun ƙaurace mata, suna cewa 'yar Musulmi ba ta tsaya gaban kyamara. Bayan shekaru, ita Asiya ta girma ta zama malamar makaranta, sai aka shiga wani zamani a ƙasarsu da duk wanda ya taɓa aikin tsofaffin fina-finai ake ɗaukarsa mai laifi, ana fito da mutane a tozarta su a bainar jama'a. Tsoro ya kama ta, da kunya. Ta kwashe hotunan mahaifiyarta na wurin aiki, akwati guda, ta cusa a murhu, uwar tana zaune tana kallo ba ta hana ta ba. A makaranta ta rubuta cewa uwarta tela ce.

Rukayya tana fassarawa a hankali, jimla bayan jimla. Malam Yusufu ya faɗi ta gaba, sai ta yi shiru. Ya ɗauka ba ta ji ba, ya maimaita. Na ce, "Me ta ce?"

Ta ce, "Wai wata rana tana tafe da abokan aikinta, mahaifiyarta ta hango ta daga tsallaken titi ta kira sunanta." Sannan ta ƙara da cewa, "Wai sai ta ce musu ba ta san matar ba."

Jaririn yana ɗan gurnani a kafaɗar ubansa. Tsohuwar ta ci gaba, Rukayya ta ci gaba da juyawa, amma yanzu idonta yana kan tabarma. Uwar ta rasu kafin zamanin ya wuce. Asiya ta yi shekaru ba ta da hoton mahaifiyarta ko ɗaya, har fuskar ta fara ɓace mata. Sai da Yusufu ya girma, ya ji an gyara wani tsohon fim na kamfanin da kakansa ya yi aiki, ya nemo mata. Tana zaune tana kallo, sai ga uwarta ta turo ƙofa ta shigo, tana da ƙuruciyar da ita ba ta taɓa ganinta da ita ba, da hasken da mahaifinta ya jefa mata a kumatu. Ta ce kullum sai ta kalla, kuma kullum tana yi wa daraktan addu'ar alheri, don ya bar kyamara a kan 'yar ƙaramar maƙwabciya har ta gama gyara wuyan rigar, bai yanke ba.

Sannan ta nuna ni ta yi tambaya. Rukayya ta ce, "Wai ina naki fina-finan, tana so ta gani."

Na ce, "Gaya mata babu. Kaset ɗin gidan talabijin kaɗan ne, idan an nuna wasa sai a ɗauki wani shiri a kansa. Na je nema bayan rasuwar babanku, aka ce ko ɗaya bai rage ba."

Rukayya ta ɗago ta dube ni, karo na farko cikin kwanaki. Ta ce, "Ko ɗaya, Umma?" Na ce ko ɗaya. Sannan ta fassara wa Malam Yusufu.

Ban san ko tsohuwar ta san abin da ke tsakaninmu ba. Na tambayi Kabiru daga baya ko ya gaya wa Malam Yusufu, ya rantse bai faɗa ba. Wataƙila a fuskata ta gani tun ranar da na kai mata dambu.

Washegari da hantsi, na gama yi wa Rukayya wanka ina shafa wa maigidana mai, sai ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Ta ce, "Umma, ki yafe mini." Na ce na yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ta ce akwai abin da take so, idan zan yarda. Bayan Azahar muka hau sama tare. Ita ta riƙe waya, Hajiya Asiya ta zama darakta. Ta ja labule rabi, ta sa aka ciro madubin banɗaki ta jingina shi a kujera har hasken taga ya faɗo mini a gefen fuska. Kwano biyu, tukunya ɗaya, da shinkafar da ta rage. Sau shida tana tsayar da ni. A na huɗu hawaye suka zo mini, ta ɗaga yatsa ta girgiza kai. A na bakwai ta bar ni na kai ƙarshe. Da na juyo, Rukayya ta sauke wayar. Fim ɗin da kuka ji wai na yi da 'yan Caina ke nan. Minti biyu ne, kuma ba na sayarwa ba ne.

Da muka gama Rukayya ta ce saura Asabe Mai Waina. Na ɗaure ɗankwali a goshi, na riƙe ƙugu, na zazzaga wa wani kwandastan da ba ya nan masifa a kan ya taka mini tanda. Tsohuwar ba ta ji kalma ɗaya ba, amma ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

Na cika arba'in ɗina har da ƙarin kwana biyar. Ranar tafiya Hajiya Asiya ta sauko da ƙafarta har bakin mota, abin da ɗanta ya ce ba ta cika yi ba saboda gwiwa. Ta ba ni ɗan kofin nan mai murfi a naɗe cikin tawul, ni kuma na ba ta turmin atamfa da na zo da shi. Ta kama fuskata da hannu biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta yi mini sallama. Ina godiya ga Allah da ya haɗa ni da ita, da ɗanta mai haƙurin fassara, da surukina da ya ƙi duba jirgi. Har wancan darakta da ban san sunansa ba, wanda ya mutu tun kafin in san akwai shi, yana cikin waɗanda nake jin sun yi mini alheri.

Rukayya ta raka ni filin jirgi, muna baya ni da ita, jaririn a cinyata. Muna fita daga Utaiƙa ta ce, "Umma, wai wa ya fara saka ki a wasa?" Ba ɗaya daga cikin 'ya'yana da ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na fara ba ta labarin ranar da na raka ƙawata gidan talabijin, wadda za ta fito ba ta zo ba, aka ce ke mai jan gyale zo ki gwada. Hanyar filin jirgin doguwa ce, ga cunkoso, amma muka isa ban gama ko shekarar farko ba. Yanzu duk Juma'a idan ba ta da aiki sai ta kira ni ta ce, "Umma, a ina muka tsaya?" Mun kai shekara ta huɗu, lokacin da nake ɗauke da cikinta ina ɓoye shi a bayan tandar waina.